Kwana Casa'in a Cikin Yashi

Ni ne Ludomir, mai gonar tuffa a bayan garin Grujets.
Shekara arba'in ina binne iri a jiƙaƙƙen yashi,
cikin tsohon akwatin katako, ƙarƙashin matakala,
inda dankali ke kwana, inda sanyi ya yi gida.
Kwana casa'in. Haka ubana ya koya mini.
In ka yi gaggawa, tsakuwa ka shuka.

Ƙwallon tuffa bai mutu ba, ƙofa ya ja ya sa sakata.
Ruwa ya yi sallama, ya ƙi amsawa.
Ɗumi ya yi sallama, ya ce masa ƙarya kake,
kaka ce wannan, dusar ƙanƙara na nan tafe,
kuma wanda ya riga fitowa, shi Janairu ke lashewa.

'Yata Dobrawa ta tafi Warso karatu,
ta dawo da farar riga da magana ƙasa-ƙasa.
Wata Talata ta sa ni a jirgin ƙasa,
hawa na uku, ɗaki ba taga.
Ta ɓare ƙwallo da hantsaki kamar mai cire ƙaya,
ta jera fararen 'yan tayi a faifan gilashi,
ta rufe su a tulu, ta saki wata iska.
Ido bai ga komai ba.
Na ce, ke da wa kike wasa?

Ta ce, Baba, sunanta naitirik oksayid.
Zarra biyu ce rak, naitirojin da oksijin, hannu cikin hannu,
ba ta zama, kafin ka gama atishawa ta koma wani abu.
A cikin iri akwai mai gadi, sinadarin da ke cewa kwanta.
Ita ke zuwa ta raɗa masa, aikinka ya ƙare,
sai ya naɗe tabarmarsa.
Irin ma da kansa yana haɗa ta, in sanyi ya cika alkawari.
Ni dai aron muryarta na yi.

Ban tanka ba. Raina ya ɗan sosu.
Hunturu arba'in ina sauka da tocila,
ina tsoma yatsa a yashi, ina korar ɓera,
yau ga yarinyar da na goya a kafaɗa
tana buɗe ƙofar cikin sa'o'i kaɗan.
A jirgin dawowa ko burodina ban ci ba.

Bayan kwanaki waya ta yi ƙara, hoto ya shigo.
Faifan hagu, suna kwance yadda aka bar su.
Faifan dama, saiwa ta leƙo, fara, a lanƙwashe,
kamar yatsan jariri mai laluben nono,
ganyen fari ya soma ɗaukar kore.
Na kai wayar gaban taga, na goge tabarau, na sake dubawa.

A watan Maris, ina kan tsani ina datse reshe,
wani abu ya damƙe ƙirjina kamar matsefatar maƙeri.
Na sauko da rarrafe, na laluba aljihu,
na sa 'yar ƙwayar likita ƙarƙashin harshe.
Minti biyu, uku, sai damƙar ta saki.

Da dare Dobrawa ta iso da jan ido,
ta juya kwalbar, ta karanta, ta yi dariya cikin hawaye.
Baba, ai ita ce. Wannan ƙwayar ita take saki a jininka,
ita ke ce wa jijiya, buɗe.

Har yau ina binne irina a yashi,
don ba ni da tulun gilashi, kuma na saba da matakalar.
Amma in na sauka da dare, nakan kashe tocila,
in tsuguna, gwiwa na ƙara, kwalba na aljihu,
in kasa kunne a jikin akwatin.
Ba na jin komai.
Saura kwana goma sha ɗaya.